Wa Muke Da Shi a Can?

Idan tafiya ta kama ɗayanmu zuwa garin da bai taɓa takawa ba, abin da yake fara kawowa majalisa shi ne: "Jama'a, wa muke da shi a Fatakwal?" Kuɗin otal bai ma zo masa a rai ba. Kuma da wuya a yi wannan tambaya a tashi ba amsa. Wani zai ce ai ƙanin matar Alhaji mai kanti yana can yana sayar da albasa. Wani ya ce a'a, wancan ɗakinsa ɗaya, ga ɗan gidan Liman da yake aikin kwastan, shi ya fi sarari. Kafin shayi ya huce an tono lamba uku, an kira biyu, ɗaya ta shiga.

Kiran kansa abin saurare ne. Za a fara da gaisuwa mai tsawo: ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya Fatakwal. Wanda aka kira kuwa tun daga "ya Fatakwal" ya san inda aka dosa, don mutumin da ya yi shekaru bai neme ka ba, ba zai tashi rana tsaka ya damu da lafiyar garinku ba. Sai a ce masa, "Yaya, dama wani yaronmu ne zai shigo gobe, na ce ai ba inda zai sauka sai wurinka." Yaron nan fa yana iya zama magidanci mai furfura a gemu da 'ya'ya takwas. Na can ɗin, ko da a zuci lissafin tabarma yake yi, bakinsa abu ɗaya zai faɗa: "Haba, ai gida ne. Allah ya kawo shi lafiya."

Wannan ma mai kirki ke nan, wanda ya sa aka buga waya. Akwai irinmu da ba ma bugawa, wai kada a ce ba a gari ake ba. Sai sha ɗayan dare ta gota, an kulle ƙofa, yara sun yi barci, ka ji sallama tana tashi a waje, ana haɗawa da ƙwanƙwasa ƙyaure da mukulli. Maigida ya fito da singileti yana haska fitilar waya, ya tarar da mutum tsaye da jakar bakko a kafaɗa da ƙullin kuka a hannu, yana murmushin wanda ya iso gida. Daga nan sai a shiga warware zumunci a bakin ƙofa: "Ni ne jikan wance, wadda suka yi zaman gida ɗaya da kakarka kafin a raba gado." Maigida bai gane wance ba, bai kuma taɓa jin labarin gidan ba, amma ya ji sunan garinsu da irin karin harshen garinsu, shi ke nan magana ta ƙare. "Bismilla, shigo. Ai ka sha hanya."

Abin da baƙo ba ya gani shi ne abin da ke faruwa bayan labule. Maigida zai leƙa ciki ya sassauta murya: "Maman Abba, mun yi baƙo fa daga gida. A ɗan dafa masa ko taliya ce." Ita kuwa ta riga ta kashe wuta, ta wanke tukwane, ta shafa mai ta kwanta. Haka za ta tashi ta ɗora ruwa, ta nemo albasar da ta ɓoye don miyar gobe, ta zaro zanin gadon da take ajiya. A waje kuma an tashi samarin gidan da ke shago, an ce su matsa. Babban cikinsu, wanda ya tara kuɗin katifar nan da guminsa, shi ne zai koma tabarma. Gobe a majalisa maigida za a yaba wa, a ce wane akwai son baƙi, gidansa ba ya rabo da jama'a. Ban taɓa jin an ce Allah ya saka wa samarin shago ba.

Malamai sun karantar da mu cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya haura haka sadaka ce maigida yake yi. Duk mun haddace wannan, sai dai mai masauki ya fi baƙo riƙe lissafin. Kuma tunda ba ma iya buɗe baki mu ce wa mutum ya tafi, sai kwano ya yi magana. Ranar farko kaza. Rana ta biyu shinkafa da miya da yanka biyu. Zuwa ta huɗu an dawo tuwo miyar kuka, irin wanda kowa yake ci, kuma yaro ne yake kawowa ya dire ya juya. Idan baƙo bai karanta wannan ba, sai a koma tambaya mai daɗi: "Kawu, yaushe ne komawar? Don a san lokacin da za a haɗa wa mutanen gida ɗan saƙo." Mai kunya a nan yake ɗaure kaya. Marar kunya sai ya gyara zama ya ce ai yana jiran wani ya kira shi ne tukuna. Da yawa daga manyan 'yan kasuwarmu na Kudu da wannan jiran kira suka fara. Sun zo kwana uku, yanzu jikokinsu Yarbanci suke yi.

Abin ya fi tsanani a Abuja. Duk wanda Allah ya ba ɗan muƙami, ko da mai ɗaukar jakar mai ɗaukar jaka ne, gidansa ya zama ofishin jakadancin ƙaramar hukumarsu. Mai neman aiki, mai bin fansho, mai jiran biza, mai takardar asibiti, duk a ɗakunan baya suke jere. Wanda bai samu shiga nan ba sai ya gangara Nyanya ko Mararraba ko Masaka, ko ya haura Zuba da Suleja, inda talakan Abuja yake kwana, ya yi sammako ya bi motar ma'aikata ya shigo gari. Ma'aikatanmu ma ba a bar su a baya ba. A tura mutum taron bita, a ba shi kuɗin kwana uku a otal, ya soke su a aljihu ya nufi ɗakin abokinsa na makaranta. Idan kuma dole ta sa an kama ɗakin, to mutum ɗaya ne zai rubuta suna a kanta, sauran ukun su biyo baya da daddare su ce wa mai gadi sun zo gaishe shi ne. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai da asuba.

Kada wani ya ce rowa ce kawai. Akwai rowar, ban musa ba, amma akwai kuma yadda muka ɗauki otal. Har yanzu a wurare da yawa "an gan shi yana fitowa daga otal" ba yabo ba ne. Ga kuma ɗan uwa da zai riƙe ka a zuci shekara da shekaru idan ya ji ka shigo garinsu ka biya kuɗi ka kwana. "Ashe har ka zo garin nan ka kama ɗaki? Mun gode, mun san matsayinmu." Wato kai da ka ɗauke masa nauyi kai ne mai laifi.

Wannan hali ba jiya muka fara shi ba, kuma waɗanda suka kafa shi ba sakarkaru ba ne. Fataken da suke tashi daga Kano da Katsina da jakuna su nufi Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu a gaba, kowace yamma a sauka a zango. A manyan kasuwanni irin Salaga kuwa kowane baƙon ɗan kasuwa yana da fatomansa. Fatoma ya ba ka ɗaki, ya ba ka tuwo, ya ajiye maka kaya, ya yi maka tafinta, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan rigima ta tashi. Ba ya karɓar ko wuri a kan kwana. Amma ranar da aka yi ciniki la'adarsa tana ciki, kuma ba ka isa ka kwana a gidansa ka kai kayanka hannun wani dillali ba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa wurare irin Kete Karachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Duk inda suka sauka da tsarin suka tafi. Shi ya sa yau idan ka sauka a Kumasi ko Ankara ba ka san kowa ba, zango za ka tambaya, a kai ka wurin Sarkin Zango ko limamin unguwa. Haka Fagge take a bayan ganuwar Kano, haka unguwar Zango take a gefen Birni a Damagaram: wuraren saukar ayari ne da suka zama gari.

Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta fi kowace fito da abin fili, har wani masani mai suna Abner Cohen ya je ya zauna da mutanenta ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya tarar shi ne, manyan masu gidajen Sabo ba da kuɗin haya suka yi arziki ba. Mai shanu ya taso daga Arewa, maigida ya sauke shi ya ciyar da shi kyauta, yaransa su sayar da shanun ga mahautan gari, sau da yawa bashi, shi kuma ya tsaya a kan bashin har a biya. Idan mahauci ya gudu da kuɗi, sunan maigida ne ya ɓaci, baƙi su koma gidan wani. Ɗakunan da yake saukar baƙi su ne jarinsa. Duk wanda ya fi yawan tabarmi ya fi yawan ciniki, ya kuma fi ƙarfin faɗa a ji a unguwa. Har gobe haka ake yi a kasuwannin shanu da na gwari a Legas: direba da mai kaya suna da maigidansu a Mile 12 ko Agege, can za su yi wanka, can za su miƙe ƙafa.

Ta gabas ma haka. Alhazan ƙafa da suke bi ta Barno su ratsa Chadi su shiga Darfur, wasu shekaru suke yi kafin su ga teku, suna tafe suna sauka a hannun 'yan uwa, su yi noma ko ɗinki ko tsintar auduga a Jazira su tara guzurin gaba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya wuce da jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa yana nan da sunansa, kuma ya zama masaukin masu tafiya Makka. Baturen nan ma Heinrich Barth, da ya iso Agadas a 1850, gidan mutane aka sauke shi, kuma har yanzu ana nuna wa baƙi gidan.

To ka ga masaukin kyauta bai taɓa zama kyauta ba. Ko la'ada ce, ko albarka, ko bashi. Wanda ya sauke ka a Legas bana, baɗi ɗansa zai samu gurbin karatu a Zariya, ko matarsa ta zo ganin likita a Kano, kuma ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ba sa zuwa hannu rabbana. Mai tafiya Kudu zai ɗauki kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da man shanu, na Nijar ya riƙo cuku da kilishi da dabino, a dawo da goro da manja da doya. Mu 'yan yanzu mun riƙe ɓangaren saukar, mun saki na tsarabar. Mutum ya zo da caja kawai, ya tambayi inda soket yake tun kafin ya tambayi lafiyar yara.

Wanda ba shi da kowa fa? Shi ma ba ya kwana a tsaye. Masallaci yana nan. Dabarar ita ce ka yi sallar lisha a sahun gaba, ka daɗe kana lazimi har jama'a su ragu, sannan ka matsa kusa da ladan: "Allah gafarta Malam, ni baƙo ne, dare ya yi mini." A ƙauye kafin ka rufe baki an aika yaro, akushi ya fito daga gida biyu ko uku, ka ci tare da dattawan da suke ciyayya a ƙofar gidan mai gari. A birni kuwa sai ka yi wa kanka tsaro: takalmi a ƙarƙashin kai, waya a aljihun wando na ciki, jaka a ɗaure da ƙafa. Sauro zai karɓi rabonsa. Ba ka bukatar mai tashinka, don lasifikar tana saman kanka, kiran farko zai ɗaga ka zaune. Kuɗin ɗaki shi ne ka ɗauki tsintsiya ka share, ka cika butoci. Addini ma ya san da wannan bawan Allah, tunda matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka, ko da mai arziki ne a garinsu. Masu zuwa Maulidi a Kaulaha ta Senegal, da masu bin wa'azin ƙasa daga jiha zuwa jiha, da 'yan hidimar ƙasa da suke sauka a masaukin ƙungiyar Musulmi ko ta Kirista kafin su samu ɗaki, duk a wannan inuwa suke fakewa.

Sai tasha, otal ɗin talaka. A Unguwa Uku ko Kawo, idan motarka ba ta cika ba ko ta iso tsakar dare, ka sayi shayi da burodi, ka yi hira da mai shayin har ya saba da fuskarka, bencinsa ya zama gadonka. Wani direban zai bar ka ka kwana a cikin motar idan ka riga ka biya kuɗin kujera, ka samu masauki ka kuma tsare wurin zamanka na gaba. Da safe ga gidan wanka a bayan tasha, ka biya kuɗin bokiti ɗaya ka fito fes, ba wanda zai ce ba daga gida kake ba. A nan mutanen Nijar sun fi mu tsari. Kamfanonin bas irin su Rimbo da asuba suke tashi, don haka fasinja tun dare yake zuwa, ya tarar da rumfa da shimfiɗa da wurin alwala, ya kwana a kan tikitinsa. 'Yan kasuwa kuma suna da tasu dabarar, wato su mai da motar kanta ɗakin kwana: a hau ta dare, a wayi gari a Kano, a yini a Kantin Kwari ana saro atamfa, da yamma a sake hawa. Kwana biyu a hanya ba a biya ko kwabo na ɗaki ba. Sai dai yanzu tafiyar dare a hanyoyi da yawa ta zama sai wanda ya shirya wa abin da zai iya tarar da shi, kuma ba na ba kowa shawararta.

Duk wannan da nake lissafawa, in za a faɗi gaskiya, duniyar maza ce. Mace ba ta kwana a bencin mai shayi, ba ta matsawa kusa da ladan. Idan dare ya yi mata a garin da ba ta da kowa, a da gidan mai unguwa ake kai ta a shigar da ita cikin gida wurin iyalinsa. Yanzu fa? Ka je kowane babban asibiti da daddare ka ga masu jinya, yawancinsu mata, jere a baranda a kan tabarma da kwali, da fulas da bokiti a gefe, wata ta yi wata guda a haka. Masu kuɗinmu suna gina masallaci a layin da yake da uku. Da ɗaya daga cikinsu ya gina ɗakuna goma da banɗaki kusa da asibiti ya ce na masu jinya ne, da ya ga addu'a.

Wani yaro a majalisarmu, irin masu shafa waya ɗin nan, ya ce ai Turawa ma sun gano abin. Akwai Couchsurfing da aka buɗe a 2004, inda mutum yake ba baƙon da bai sani ba kujerar falonsa ya kwana kyauta, akwai kuma Airbnb da ta biyo baya a 2008, wadda ake biya. Dattawa suka yi dariya, wai sai yanzu. Amma da ya ƙara bayani sai dariyar ta ragu, don ya ce a can bayan baƙo ya tafi, mai masauki yana rubuta yadda ya same shi, duniya ta karanta: ya bar banɗaki da ƙazanta, ya ce kwana biyu ya yi shida, ya cinye abin da ke firji. Aka yi shiru. Da ana yi mana irin wannan rubutu, akwai mutanen da na sani da ba za su ƙara samun tabarma ba daga nan har Agadas. A da muna da namu, ba a rubuce ba. Fatake suna haɗuwa a zango, labarin baƙon banza yana riga shi isa gari na gaba. Yanzu gari ya yi girma, mutum ya ɓata a Kaduna ya gyara murya ya kira Jos.

Gidajen ma sun canja. Gidan da yana da zaure da soro da shago, baƙo ya yi sati bai ga fuskar matar gida ba, ita ma ba ta takura ba. Gidan yanzu ɗaki biyu ne da falo da banɗaki ɗaya, a hawa na biyu, ana sayen ruwa a jarka, ana auna gas da kilo. Baƙo yana kwance a falo, matar gida tana yini da hijabi a cikin gidanta, yara ba su ga talabijin ba sai ya fita. Ga kuma tsoro. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, aka zo ga masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, masallatai da yawa a birane kulle su ake yi bayan lisha, kuma a unguwanni da dama sai ka sanar da mai unguwa kafin ka sauki wanda ba a sani ba. Ladanin da ya ce maka ka yi haƙuri ba mugu ba ne, kwamiti ne ya ja masa kunne. Maigidan da ya tsaya yi maka tambayoyi a bakin ƙofa shi ma yana da hujja.

Ni dai ban ce a daina sauka a gidan mutane ba, don ni ma ban shirya dainawa ba, kuma mafi yawanmu in aka ce sai mun biya ɗaki to tafiyar ce za a fasa. Amma ɗan uwa, idan za ka zo, ka kira da kanka tun kwana biyu kafin ka taso, kada ka sa a kira maka. Ka faɗi ranar komawa tun kafin a tambaye ka. Ka riƙo ko mudun gero ne. Idan ka ga yaron gida ya koma tabarma saboda kai, ka san abin da ka sa masa a aljihu. Ranar tafiya kuma ɗan abin da za ka bayar, ka aika wa uwargida shi kai tsaye, kada ya bi ta hannun maigida, don shi cewa zai yi "haba, haba, ai ba a haka," ya mayar maka, alhali ba shi ya tashi tsakar dare ya ɗora tukunya ba.